Wa Ya Koya wa Agogon Impala Gudu?

A garinmu Bukittinggi namiji ba shi da gida, kuma ba mu ɗauki wannan abin kuka ba. Gida na mata ne, gonar shinkafa tasu ce, daga kaka zuwa uwa zuwa jika. Ranar aurenka dangin amarya za su zo su ɗauke ka kamar wani sarki su kai ka ɗakinta, daga nan har ka yi furfura sunanka baƙo. Magabata suka ce miji toka ne a kan kututture, iska na tasowa sai ya kama gabansa. Ni Marjohan mai gyaran agogo na tsufa a gidan matata, amma har yau in zan kafa ƙusa a bango sai na yi gyaran murya tukuna.

Shi ya sa kowannenmu yake neman ɗan abin da zai nuna ya ce wannan nawa ne. Wani kejin kurciya, wani kujerarsa a shagon kofi, ni kuma ɗan shagona a gangaren kasuwa. Shi kuwa Sutan Pamenan mota gare shi.

Tsohuwar Impala ce, shuɗiya, doguwa kamar kwalekwale. Ya saye ta tun yana da ƙarfinsa, lokacin da yake fataucin yadi zuwa Pekanbaru. A cikinta yake karanta jarida, a cikinta yake barcin rana, in kuma suka saɓa da matarsa Asmaniar sai ya fita ya shige ta ya ɗaga gilashi, ya yi yajinsa a tsakar gida. Kullum bayan azahar zai tuƙo ta a hankali zuwa shagon kofi, ya ajiye ta inda zai riƙa hango ta, ya zauna buga domino da shan shayi mai ƙwai. Ba ya ɗaura agogon hannu, wai mai agogo biyu bai san lokaci ba. Akwai na gaban motarsa, mai fuska zagayayya, kuma a cewarsa babban agogon tsakiyar gari ma in yana da kunya daga wurinsa ya kamata ya riƙa tambaya. Mun sha yi masa dariya, amma gaskiya ɗaya ce, agogon nan ya yi shekaru bai kunyata shi ba. A zamanin kuwa waya ba ta shiga aljihun kowa ba tukuna.

Sai ga bikin jikarsa ya zo. Mako guda motar na lulluɓe a tsakar gida an goge ta tana ƙyalli, domin ita za ta je ɗauko ango. Wanda zai jagoranci tafiyar shi ne Datuak Sinaro, wan Asmaniar, kuma shi ne mai faɗa a ji a gidan, tunda a wurinmu kawu ke riƙe da zuri'a, uba ɗan kallo ne. Tsakaninsa da Sutan Pamenan akwai irin zaman da ke tsakanin kowane miji da wan matarsa: gaisuwa mai kyau, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi tuntuɓe.

Ran bikin aka tashi da hazo, ba a ganin rana. Datuak ya sha baƙaƙen kaya na sarauta da naɗi, ya ajiye agogon hannunsa don ba ya shiga da shigar. Sutan ya yaye lulluɓin mota, ya leƙa, ya ga lokaci har ya gota, sai ya hau danna oda. Datuak ya tambaye shi ko ya tabbata, shi kuma ya nuna masa gaban mota da haɓa. Aka ɗebi mata masu kayan ango da tiren ganyen sirih na taunawa, wanda ba a buɗe maganar girma sai an miƙa shi, aka tafi.

Suka isa gidan su ango fiye da awa guda kafin lokaci. Ango yana bayan gida da tawul, mata na gurza kwakwa, dattijon da zai amsa jawabi kuma yana kasuwa a hannun wanzami, an aske masa gefe ɗaya. To a al'adarmu in ka tsaya a gindin matakala ka yi sallama ka buɗe jawabin neman ango, ba ka komawa mota, ba ka kuma yin shiru sai an amsa maka. Datuak ya riga ya buɗe kafin ya lura babu kowa a saman matakalar sai wata kyanwa. Haka ya tsaya yana zuba karin magana, ya yabi duwatsu, ya yabi koguna, ya yabi kakannin ango har waɗanda su kansu sun manta da su. Da rumbunsa ya ƙare ya koma farko. Maƙwabta suka fito da kujeru. Kafin a kawo dattijon nan da rabin aski a keken doki, muryar Datuak ta koma ta ɗan zakaran da ke koyon cara.

An ɗaura aure lafiya, amma gari ya samu abin taunawa. Ko a masallaci in liman ya ja huɗuba sai ka ji wani ya raɗa cewa yau kuma Datuak ne ya hau.

Bayan biki aka yi zaman gida. 'Yar Sutan, Desmawati, malamar makaranta ce, ba muguwa ba ce, tsoro ne ya sa ta magana. Ta ce ta sha ganin mahaifinta a bakin hanya yana murɗa agogon nan yana ƙunƙuni shi kaɗai. Datuak ya ce shi ke nan, tsufa ya taɓa kai, mutum na juya agogo da hannunsa ya manta, yau ango ne, gobe rai ne. Ya sa aka karɓi makullin motar ya jefa a aljihu. Sutan ya rantse agogon ne ya lalace. Asmaniar kuwa tana ta tsince shinkafa.

Datuak da kansa ya kawo mini agogon, a naɗe cikin adiko. Mutumin nan ba baƙon mota ba ne, ya yi zamani yana da bas-bas masu zuwa Medan, ya san ciki da wajen irin waɗannan motoci. Ya ajiye shi a teburina ya ce da ragowar muryarsa:

"Johan, irin wannan agogon ba ya gudu sai an koya masa, ni da kai mun sani. Abu ɗaya za ka duba mana: ciwo ne daga ciki, ko hannu ne daga waje. In ciwo ne, na mayar masa da makullinsa. In hannu ne, motar ta gama fita."

Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar in zo gida in faɗa a gaban kowa.

Na buɗe bayan agogon, na jona shi da batirin da nake gwaji da shi, na sa ɗan ƙwan fitila a tsakani don in ga shigar wuta. Irin waɗannan rabinsu na lantarki ne rabinsu na sifirin. Sifirin ɗin yana warwarewa a hankali, in ya kusa ƙarewa sai wasu bakunan ƙarfe biyu su haɗu, wuta ta wuce, naɗin waya ya fizgo shi ya ɗaure, ka ji ƙas! Yawanci abin da ke kashe su ke nan, batir ya yi sanyi, bakunan su manne su ƙone. Na wannan kuwa fes suke, ɗan baƙin da ke jiki na goge da takarda mai laushi. Fitila na ƙiftawa a kan kari, ƙas ɗinsa na fita da ƙarfi. Na duba haƙoran gargare ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ci. Agogo dai lafiyarsa ƙalau, har ya fi mai shi.

Na daidaita shi da agogon bangon da maigidana na sana'a ya bar mini, na bar shi ya kwana. Da safe na tarar ya tsere wa na bango kamar an biyo shi da sanda.

Ruwa ba ya tsami banza. Na sa gilashin ido na leƙa wajen zuciyarsa, wato ɗan gargaren nan mai lilo. Akwai wani ɗan harshe a gefensa mai ƙara gudu ko rage shi, sai na gan shi an tura shi can ƙarshen gefen gudu har ya jingina da bango. Turawan da suka ƙera shi sun yi masa wata dabara: duk lokacin da ka tura hannayensa gaba, sai ya ɗauka yana latti ne, ya ƙara wa kansa sauri kaɗan. In ka ja su baya, ya rage. Amma darasi ɗaya yake ɗauka a yini. Wanda ya fara taɓa shi da safe shi ne malaminsa, duk wanda ya zo daga baya sai dai ya gyara hannaye, zuciyar ba za ta ji ba. Kafin harshen nan ya kai inda ya kai, lallai wani ya yi watanni yana tura shi gaba kowace safiya.

Raina ya ɓaci, don ina son Sutan, kuma na san abin da motar nan take a wurinsa. Na ɗauki ɗan maballin da ake murɗawa zan wanke, sai na ga wani abu rawaya ya cike tsagoginsa. Na kankaro da allura na shinshina. Kurkum ne.

Na zauna na yi dariya ni kaɗai har maƙwabcina mai ɗinkin takalma ya leƙo. Sutan Pamenan ko hanyar madafa bai sani ba. Desmawati da alli take aiki. A gidan nan mutum ɗaya ce take niƙa kayan miya da hannunta kullum bayan sallar asuba, ba ta yarda kowa ya taɓa mata dutsen niƙa. Na ajiye maballin a gefe ban wanke ba.

Ban je neman ta ba, ita ta zo. Washegari da hantsi sai ga Asmaniar da kwandon cefane da wani agogon tebur, wai ya daina ƙara. Na murɗa shi ya ɗauki kuwwa har sai da ta toshe kunne. Ta ce to, ashe ya warke a hanya. Ta zauna, ta tambayi matata, ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta tambayi tsadar barkono kamar ni nake sayarwa, idonta kuwa na kan teburina. Da na ga za mu wuni a haka sai na tura mata maballin da gilashin ido. Ba ta ɗauki gilashin ba. Ta dubi yatsunta, ta tura su ƙarƙashin mayafi.

Na ce, "Uni, wannan agogon ɗalibi ne mai biyayya. Malamar ce ta cika ba shi aiki."

Uni muke ce wa babbar 'yar'uwa, kuma da ta harare ni sai na tuna dalili. Ta ce in rage surutu in saurara. Tun bara ta lura in magariba ta kawo kai mijinta ba ya gani sosai. Ta ga ya zuba shayi a gefen kofi, ta ga yana laluben takalminsa da ƙafa a bakin masallaci. Wata rana ya dawo daga domino da duhu-duhu ya goge ginshiƙin ƙofar gida, ya ce ginshiƙin ne ya karkace. Da rana kuwa allura ma zai zura. Ta rasa yadda za ta gaya masa. Shi ya sa kullum da asuba, in ta gama niƙa, take lallaɓawa ta tura agogon gaba kaɗan, don ya taso daga shagon kofi da sauran haske. Ba ta san abin yana haddacewa ba.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa a zaman gida. Ta ce in ta ce ita ce za a tambaye ta dalili, in ta faɗi dalili wanta ba zai bar makullin nan ya sake kwana a gidan ba.

"Mutumin nan ya shigo gidanmu da akwati ɗaya," ta ce. "Ɗakin nawa ne, gadon nawa ne, 'ya'yan ma namu ne mu dangi. In aka karɓe motar, ina zai je ya yi fushi? Ka ce musu ciwo ne, Johan."

Ta bar mini ƙunshin ayaba soyayya, ta ɗauki lafiyayyen agogonta ta tafi. Tausayinta ya kama ni, amma na san Datuak ba zai haɗiyi wannan ƙaryar daga bakina ba. Zai ce in nuna masa ciwon, kuma ya san inda ake dubawa.

Da yamma sai ga Sutan Pamenan a ƙafa. Ban taɓa ganinsa yana hawa gangaren kasuwa da ƙafa ba, sai na ga ashe ɗan ƙaramin mutum ne. Ya zauna inda matarsa ta tashi, ya ɗauki ayabar ya ci, ya tsaya yana taunawa a hankali kamar mai tuna inda ya san ɗanɗanon. Ya zagi gwamnati, ya zagi masu keken doki, sannan ya tambaye ni yaya majinyacin. Na ce majinyaci lafiya lau, hannu ne, kuma kafin in ƙara wata kalma ya ɗaga mini tafi.

Ya ce ba sai na faɗa ba. Ƙofar motarsa ta gefen direba tana da wani kuka in an buɗe ta, kuma kullum da asuba yana kwance yana jin ta. Ya san kuma dalili, shi ba yaro ba ne. Sai ya ƙyale, in ya fita ya ga babban agogon gari ya ja nasa baya yana ƙunƙuni don kada ta ga kamar ta ci banza, amma duk da haka da yamma ya taso da wuri ya ce wa abokan domino agogo ne ya kira shi. Da ya ga gudun na ƙaruwa, ya zaci hannunta ne ya ƙara nauyi. Makon biki kuwa tana can kan tukwane, ƙofar ba ta yi kuka ko sau ɗaya ba, shi ya sa ya yarda da agogon ɗari bisa ɗari.

Na bayyana masa yadda abin yake ɗaukar darasi daga wanda ya riga tashi. Ya ce ashe har agogon ma ya san gidan na wane ne. Muka yi dariya, tasa ba ta yi nisa ba.

"Ranar Juma'a ka ce hannuna ne," ya ce.

Na ce, "Uda Sutan," wato yaya Sutan, "ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani. Ni baƙo ne, Johan. Baƙo in ya yi abin kunya sai a ce ai baƙo ne. Ita kuwa gidan nata ne. In aka ji uwar gida ce ta tsayar da wanta a gindin matakala yana yi wa kyanwa jawabi, da wane ido za ta shiga taron mata?"

Ya tashi da sauri, ya ce yana da uzuri. Na leƙa waje na ga rana ta fara sunkuyawa bayan dutse.

To ka ji inda suka sa ni, gaba kura baya sayaki. Ita ta ce in yi ƙarya don shi, shi ya ce in yi ƙarya don ita, kuma kowannensu ya ja mini kunne kada ɗayan ya ji. Na ji haushinsu duka biyu. Mutane sun haifi 'ya'ya, sun aurar da jika, amma maganar da za a gama a kan filo ɗaya sai an bi da ita ta cikin agogo an kawo ta shagona. Ina cikin wannan haushin dabara ta faɗo mini, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi mini daɗi tun kafin in san ko za ta ci. Datuak ne ya ƙulla wannan tambaya, to shi ya kamata ya kwance ta. Duk faɗin naɗinsa, a gaban tukunyar ƙanwarsa yaro ne, kuma kunyar gidan nan ai tasa ce kafin ta zama ta kowa.

Na mayar da harshen nan tsakiya, na yi ta gwada shi da na bango har suka jera. Sannan na cire ɗan ƙarfen da ke kai saƙo daga maballi zuwa zuciya, na jefa shi a gwangwanin tarkace. Daga ranar kowa ya tura hannaye yadda ya ga dama, agogo ya sauke karatu. Na sa mai, na goge gilashi, na rufe. Maballin kaɗai na mayar yadda na same shi.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a babban zaure. Datuak a sama, Sutan a gefen da baƙi ke zama, Desmawati da sauran mata ta wajen ƙofofin ɗakuna. Aka ci shinkafa da miyar kifi tukuna, don ba a shari'a da yunwa. Na jona agogon da batir a tsakiyar tabarma, kowa ya yi shiru har aka ji ƙas ɗinsa. Datuak ya ce to, ciwo ko hannu?

Sutan ya kafe ni da ido. Asmaniar tana zagayawa da butar shayi kamar ba da ita ake ba.

Na ce ni ƙaramin mai gyara ne, Angku Datuak, wato mai girma Datuak, ya riga ni sanin waɗannan motoci tun ina rarrafe, ba zai kyautu in yanke hukunci yana zaune ba. Na miƙa masa agogon da gilashin ido, na ce in ya ga dama ya fara daga maballi, nan ne hannu yake barin sawu in hannu ne. Wannan yabo ya shige shi, har ya gyara zama. Ya maƙala gilashin ya sunkuya.

Ya daɗe a sunkuye. Ni kuwa na san in mutumin nan ya zaɓi ramuwa, na rusa gida da hannuna. Ya kai maballin hanci. A daidai lokacin ƙanwarsa ta durƙusa gabansa ta ajiye masa kofi, yatsunta rawaya shar a jikin farin tangaran. Ya dubi yatsun, ya ɗago ya dubi fuskarta. Ita ma ta dube shi, irin kallon da na tabbata ta saba yi masa tun suna yara in ya kama ta da laifi kuma ta san ba zai kai ƙara ba. Ya juya ya dubi surukinsa, wanda ya duƙufa yana nazarin saƙar tabarma. Daga ƙarshe ya dube ni, kuma abin da ke cikin wannan kallon ba zai faɗu a gaban mata ba.

Ya cire gilashin, ya yi gyaran muryar da ta rage masa. Yana magana yana murza maballin da babban yatsansa, a hankali, har ya koma fari.

"Ciwo ne daga ciki," ya ce. "Tsufa da ƙura. Na sha ganin irinsa a bas ɗina."

Desmawati ta ce amma ai ta ga Baba yana murɗawa. Datuak ya ce mutum ya ga agogonsa na hauka ba zai murɗa ba? Ya kawo karin magana biyu ya ɗora a kai, ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a tabarma, a tsakiya, bai miƙa ba. Hannunsa bai yi nisa da shi ba. Mutumin da ya ga kurkum ai zai tambayi kansa dalilin kurkum.

Sutan bai ɗauka nan take ba. Ya ce tunda ana maganar tsufa, akwai abin da ya daɗe yana son faɗa: fitilun motar nan sun yi rauni, ba a samun irinsu yanzu, don haka ya yanke shawara daga yau ba za ta ƙara kai magariba a waje ba. Ni na san fitilun nan, in ya haska su ɓauna ma sai ta runtse ido. Datuak ya fi ni saninsu. Amma ya gyaɗa kai da nauyi ya ce gaskiya ne, fitilun wancan zamani ba su da tabbas, ya janye hannunsa. Sutan ya ɗauki makullinsa. Asmaniar ta ce shayi ya huce, ta ɗauki buta ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

A bakin matakala Datuak ya riƙe hannuna kamar mai sallama, ya matse har ƙashi, ya raɗa mini cewa in ya ji wannan magana a shagon kofi zai sa wan matata ya zauna da ni. Na ce wace magana, ai ni bakina bai kira sunan kowa ba.

Bayan kwana biyu na bi ta shagon kofi. Rana na sama da sauranta, amma Sutan ya riga ya kife domino ɗinsa yana laluben makulli, abokai na yi masa tsiya wai an kaɗa masa ƙararrawa daga gida. Na raka shi wajen mota na leƙa gabanta. Agogon yana gaba da na hannuna da ɗan abin da ba a rasa ba, tsagogin maballin kuma sun fara yin rawaya. Ya ga na gani, ya ɗauke kai. Ya ja ƙofar direba, ta saki wani dogon kuka har mai shayi ya waigo.

Na ce akwai mai a aljihuna, ɗigo biyu ya isa ya kashe wannan kukan. Har na zaro 'yar kwalbar, sai ya riƙe mini hannu.

"Bar ta," ya ce. "In ka sa mata mai, da me zan san uwar gida ta tashi lafiya?"